Rugujewar Kamfanin Nova: Abin Da Ya Sami Malaman Turanci A Japan

Ran Juma'a 26 ga watan Oktoba na shekarar 2007, kamfanin Nova, wanda a lokacin nan ya fi kowane kamfani yawan makarantun koyar da Turanci a ƙasar Japan, ya kai kansa gaban kotun gundumar Osaka, yana neman ta shiga tsakaninsa da masu binsa bashi. Bashin da aka lissafa a ranar ya kai yen miliyan dubu 43 da miliyan 900. A wannan rana ce aka rufe makarantun kamfanin kaf, daga wannan iyakar ƙasa zuwa waccan. Malamai baƙi wajen 4,000, galibinsu samari da 'yan mata daga Amurka da Ingila da Kanada da Ostireliya, suka wayi gari ba su da aiki, ga albashinsu ba a biya ba, ga kuma masu gidajen haya sun tsaya musu a ƙofa. Haka nan abin ya shafi ma'aikata 'yan ƙasa wajen 2,000, da ɗalibai kimanin 300,000 waɗanda suka riga suka biya kuɗin karatun da ba a koya musu ba tukuna.

Lalle mai karatu zai so ya san yadda aka yi kamfani mai ɗalibai da yawa haka ya durƙushe cikin 'yan watanni, alhali kuwa ba gobara aka yi ba, ba kuma yaƙi ba. Amsar ita ce, kamfanin ya daɗe yana rayuwa da kuɗin aikin da bai yi ba tukuna. Kuɗin da mutum ya karɓa kafin ya yi aiki kuwa bashi ne a wuyansa, ko da ya rubuta shi riba a littafi. Ran da sabon kuɗi ya daina shigowa, sai tsofaffin alkawura suka taso gaba ɗaya, kuma waɗanda suka fi kowa jin jiki su ne baƙin malaman da albashinsu da ɗakin kwanansu ke hannun mutum guda.

YADDA KAMFANIN YA KASAITA

Wani mutum mai suna Nozomu Sahashi shi ya kafa Nova a birnin Osaka cikin shekarar 1981. Japanawa dai suna koyon Turanci shekara da shekaru a makarantun gwamnati, amma karatun ya fi ƙarfi wajen nahawu da fassara saboda cin jarrabawa, shi ya sa mutum kan gama jami'a bai iya riƙe hira da Bature ba. Wannan gibi ne ya haifar da wata sana'a wadda suke kira eikaiwa, watau makarantun hira da Turanci, inda ma'aikaci ko matar gida ko ɗalibi zai biya kuɗi ya zauna da mai jin harshen su yi ta magana.

Dabarar Nova ita ce kafa makaranta a bakin tashar jirgin ƙasa, domin a manyan biranen Japan kusan kowa ta tasha yake bi safe da yamma. Taken kamfanin ma shi ne ekimae ryugaku, ma'ana karatun ƙasar waje a bakin tasha. Watau ba sai mutum ya hau jirgin sama ya tafi Landan ba, ga Baturen an kawo masa kusa da inda yake sauka. Aka kuma cika talabijin da jiragen ƙasa da tallar wani zomo mai launin hoda, har ƙananan yara suka san shi. Ban da Turanci ana koyar da Faransanci da Jamusanci da Sinanci da wasu harsuna, sa'an nan aka buɗe wata cibiya a Osaka inda malamai ke koyarwa dare da rana ta wayar da ke nuna fuska, ɗalibi yana zaune a gidansa. Cikin shekarar 1996 aka fara cinikin hannun jarin kamfanin a kasuwa, kuma a lokacin da ya kai ganiyarsa makarantunsa sun haura 900.

Malaman kuwa daga ƙasashensu ake ɗebo su, don kamfanin yana da ofisoshin ɗaukar ma'aikata a ƙasashen da ke magana da Turanci. Ba a neman takardar shaidar malanta, digiri na kowane fanni ya isa a nema wa mutum izinin aiki. Da ya sauka za a yi masa horo na 'yan kwanaki, sai a tura shi aji. Darasi minti 40 ne, ɗalibai uku ko huɗu, kuma malami yakan yi darasi takwas a yini. Ga yaron da ya gama jami'a jiya, wanda bai san kowa a Japan ba, bai kuma iya karanta ko da allon tasha ba, wannan ciniki ne mai daɗi ƙwarai: an nema masa izini, an tarye shi, an ba shi ɗaki a gidan da kamfanin ya kama haya, ana cire kuɗin hayar daga albashinsa kowane wata. Bai san mai gidan ba, ba kuma sunansa ne a takardar haya ba. A ranar sauka wannan sauƙi ne, amma a nan ne tarkon yake.

CINIKIN TIKITI

Ɗalibin Nova ba wata-wata yake biyan kuɗin makaranta ba. Tikitin darasi yake saye da yawa gaba ɗaya, kamar yadda ake sarin kaya a kasuwa, kuma gwargwadon yawan abin da ya sara, gwargwadon sauƙin farashin kowane tikiti. Saboda haka ma'aikatan talla sukan matsa wa mutum ya sayi ɗaruruwan tikiti waɗanda za su kai shi shekara biyu ko uku, ya biya dubban ɗaruruwan yen nan take, ko kuma kamfanin ba da lamuni ya biya masa ya riƙa cirewa a hankali.

To, a gaskiya wannan kuɗi ajiya ce, sai an koyar da darasi sa'an nan rabon darasin ya zama na kamfani. Amma Nova yakan rubuta wani babban kaso nasa a matsayin kuɗin shiga tun ranar da aka sa hannu, ya kuma zuba kuɗin wajen talla da kama sababbin wuraren haya. Sahashi ya ƙudura sai makarantunsa sun kai 1,000, saboda haka daga shekarar 2004 aka shiga buɗe rassa ba ƙaƙƙautawa, wani lokaci reshe kusa da reshe, suna ƙwace wa juna ɗalibai. Yawan malamai bai bi yawan makarantu ba. Sai ya zamana mutum yana riƙe da tikiti fal, amma in ya nemi a ba shi lokacin darasi da yamma ko ƙarshen mako, sai a ce masa babu gurbi. Tikitin kuwa yana da wa'adi, in ya wuce ya mutu. Kamfanin ya yi hasara shekara biyu a jere kafin ya faɗi, kuma kuɗin sababbin ɗalibai ne ke rufe ramin da aka haƙa da kuɗin na da.

Wanda ya gaji ya ce a mayar masa da ragowar kuɗinsa, sai ya gamu da wani lissafi dabam. Kamfanin ba zai lissafa darussan da ya riga ya ɗauka bisa farashin da ya saya ba, sai bisa farashin ƙaramin sari wanda ya fi tsada, ta yadda abin da zai koma hannunsa zai ragu ƙwarai. Hukumar sauraren koke-koken masu saye ta ƙasar ta karɓi ƙorafi fiye da 7,000 a kan Nova cikin kimanin shekara goma.

Wani ɗalibi wanda ya sayi tikiti 600 a kan yen 1,200 kowane, ya yi amfani da 386 sa'an nan ya janye, ya ƙi yarda da wannan lissafi, ya kai ƙara. Magana ta yi ta hawa har kotun ƙoli ta Japan, wadda ran 3 ga watan Afrilu na shekarar 2007 ta yanke hukunci cewa hanyar lissafin Nova ta saɓa wa doka, tilas a lissafa da farashin da aka yi ciniki a kansa tun farko. Tun cikin watan Fabrairu na wannan shekara kuma jami'an ma'aikatar tattalin arziki da ciniki da masana'antu sun riga sun shiga ofisoshin kamfanin bincike. Ran 13 ga watan Yuni ma'aikatar ta hana Nova ƙulla sabuwar yarjejeniya mai tsawo, watau wadda ta wuce shekara guda ko awa 70, har tsawon wata shida. Daga cikin laifofin da ta kama shi da su akwai gaya wa mutane cewa za su sami darasi duk lokacin da suka ga dama, alhali an san ba haka ba ne.

Hukuncin nan daidai ne, ba wanda zai ce an zalunci kamfanin. Sai dai ya toshe bakin rijiyar da ake ɗibar ruwa. Sababbin ɗalibai suka ja baya, tsofaffi suka yi layi suna neman kuɗinsu, ga kuwa ba wata ajiya da aka keɓe, domin dokar ƙasar ba ta tilasta wa irin waɗannan makarantu su ware kuɗin da aka biya su tun gaba su ajiye a gefe ba.

WATANNIN ƘARSHE

Alamun mutuwa sun bayyana tun da sauran lokaci. Cikin watan Yuli aka fara jinkirta albashin ma'aikata 'yan ƙasa. Cikin Satumba abin ya iso kan malamai baƙi, aka kuma fara rufe rassa saboda bashin haya. Albashin da ya kamata a biya malamai ran 15 ga Oktoba bai zo ba sam. Shugaban kamfanin ya daina fitowa fili, sai dai takardun ba da haƙuri da alkawarin cewa kuɗi na nan tafe. Ƙungiyar ƙwadago ta General Union da ke Osaka ta kai kuka ofishin kula da dokokin aiki, amma malaman da suka shiga ƙungiya tun farko kaɗan ne, don yawancinsu sun zo ne da niyyar shekara ɗaya ko biyu su koma gida.

Duk da haka malamai da yawa suka ci gaba da zuwa aji ba albashi. Wasu kunyar ɗalibansu suke ji, wasu suna tsoron in sun bar aiki kuɗin da suke bi ya bi ruwa, wasu kuwa sun san barin aiki barin ɗaki ne. Ashe ɗakin ma ya riga ya kuɓuce. Sai da takardun kora suka fara isowa sa'an nan suka gane cewa kuɗin hayar da ake cirewa daga albashinsu bai kai hannun masu gidaje ba. Mutum ya biya haya, ga shaida a takardar albashinsa, amma a idon mai gida kamfani ne ɗan haya, kamfanin kuwa bai biya ba.

Daren 25 ga Oktoba sauran daraktoci suka taru ba tare da Sahashi ba, suka tsige shi, washegari suka tafi kotu. Bayan 'yan kwanaki lauyoyin da kotu ta naɗa su riƙe dukiyar kamfanin suka buɗe wa 'yan jarida ofishin shugaban a bene na 20 na wani gini a Osaka. Aka ga ɗakin shan shayi irin na gargajiyar Japan, da ɗakin kwana, da ɗakin surace. Hotunan suka bazu cikin ƙasa a daidai makon da malamansa ke ƙidayar 'yan canjin da suka rage musu.

Ƙungiyar ƙwadago a Tokyo ta shirya wani tsari na darasi a bakin abinci, watau tsohon ɗalibi ya ciyar da malami, malami ya yi masa hira da Turanci. Ofisoshin jakadancin ƙasashen malaman suka shiga ba da shawara, kamfanin jiragen sama na Qantas ya rage wa 'yan Ostireliya kuɗin komawa gida. Izinin zaman malaman bai mutu da mutuwar kamfanin ba, suna da damar neman wani aiki, amma dubban mutane masu sana'a iri ɗaya sun faɗo kasuwa rana ɗaya, gurabe kuwa kaɗan ne. Gwamnatin Japan tana da asusun da ke biyan ma'aikatan kamfanin da ya karye kashi 80 cikin ɗari na albashin da suke bi, kuma ya shafi baƙi kamar yadda ya shafi 'yan ƙasa. Wannan ya taimaka ƙwarai, sai dai kuɗin yakan ɗauki watanni kafin ya fito, mai jin yunwa yau kuwa ba ya cin alkawarin wata uku.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Cikin watan Nuwamba na shekarar 2007 aka zaɓi wani kamfani na birnin Nagoya mai suna G.communication ya karɓi sunan Nova da makarantu 30 a matsayin farko, tsohon kamfanin kuma aka shiga rabon gadonsa. Sabon mai shi ya fara da cewa zai ɗauki duk wanda ke son komawa, daga baya ya ga ba zai iya ba, aka bar ɗaruruwa a waje. Bashin kuɗin ɗalibai kuwa bai ɗauka ba. Abin da ya yi musu shi ne rangwame ga mai son ci gaba da karatu, watau mutum ya sake biyan wani abu a kan darasin da ya riga ya biya. A wajen rabon dukiyar tsohon kamfanin haraji da albashi ne a gaba, saboda haka abin da ya kai hannun ɗalibai bai taka kara ya karya ba. Sunan Nova yana nan a tashoshin Japan har yanzu, amma a hannun wasu mutane dabam.

Shi kuwa Sahashi, an kama shi cikin watan Yuni na shekarar 2008. Abin da aka tuhume shi da shi shi ne ɗibar yen miliyan 320 daga asusun taimakon juna na ma'aikata cikin watan Yuli na 2007, kuɗin da ake cirewa kaɗan-kaɗan daga albashinsu, ya biya ɗaliban da suka janye da su. Cikin watan Agusta na 2009 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara uku da rabi, babbar kotun Osaka ta rage zuwa shekara biyu cikin 2010, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da haka cikin 2012. Abin lura a nan shi ne, har 'yar ajiyar da ma'aikata suka tara domin ranar wuya sai da aka jefa ta cikin ramin.

Ba kuma a kan Nova abin ya tsaya ba. Cikin watan Afrilu na shekarar 2010 kamfanin Geos, wani babba a wannan sana'a a Japan, shi ma ya karye, kuma G.communication ɗin nan ne ya kwashi yawancin makarantunsa. A ƙasar Sin, cikin watan Yuli na 2021 gwamnati ta kafa tsauraran dokoki a kan kamfanonin koyar da yara bayan makaranta, ta hana ɗaukar malaman da ke zaune a ƙasashen waje su koyar ta intanet, dubban malamai suka rasa aiki cikin 'yan makonni. Cikin watan Agusta na wannan shekara makarantun Wall Street English da ke Sin su ma suka rufe, ɗalibai na bin kuɗin da suka biya tun gaba, ma'aikata na bin albashi. Dalilan sun sha bamban, amma in aka duba waɗanda hasarar ta faɗa wa, su ne dai: wanda ya biya kafin a yi masa aiki, da wanda ya yi aiki kafin a biya shi.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Japan ƙasa ce mai arziki, mai kotuna masu aiki, mai asusun ceton ma'aikata, malaman nan kuma 'yan manyan ƙasashe ne waɗanda jakadunsu ke da baki. Duk da haka sai da wasunsu suka koyar da darasi domin kwanon shinkafa. To, ina ga wanda zai tafi aiki inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan? Samari da yawa a yau suna neman aiki a ƙasashen waje, na koyarwa ko waninsa, kuma abin da ya fi jan hankalinsu shi ne a ce kamfani ya ɗauki nauyin komai. Ya kamata mai shirin tafiya ya tambaya tun yana gida: sunan wa ke takardar hayar ɗakin, an sa shi cikin inshorar ma'aikata ta ƙasar ko ba a sa ba, kuma wace ƙungiya ce za ta tsaya masa in an yi rigima. Ya ajiye kuɗin jirgin komawa inda hannun mai aikinsa ba ya kaiwa. In albashi ya yi jinkiri sau ɗaya, ya fara neman wata ƙofa tun ranar, kada ya jira takardar ba da haƙuri ta biyu.

Haka nan wanda aka ce ya biya kuɗin karatun shekara biyu ko uku gaba ɗaya don a yi masa rangwame, ya san cewa rance ya ba makarantar, ba jingina ba shaida, kuma in ta faɗi shi ne na ƙarshe a layin masu bin bashi. Hukumomin da ke ba irin waɗannan makarantu izini kuwa, ko a wace ƙasa suke, aikinsu ne su tilasta a keɓe kuɗin da aka karɓa tun gaba a wani asusu dabam, a riƙa fitar da shi gwargwadon darasin da aka koyar. Da Japan ta yi haka kafin shekarar 2007, da Nova bai kai makarantu 900 ba, amma da ɗalibansa sun sami abin karɓa a ranar da aka rufe ƙofa, da kuma shugabansa bai sami dalilin kai hannu asusun ma'aikata ba.